Baƙon Malami, Siyasa da Zanga-zangar Ɗalibai: Darasin Kafanchan ga Ikara, Maƙarfi da Kudan

Laccar da aka gabatar a garin Maƙarfi, a taron hutu na ɗaliban manyan makarantu 'yan asalin ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan

 

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, malamanmu limamai, Allah ya ƙara muku lafiya, shugabannin coci da suka amsa gayyata, sannunku da zuwa, iyayenmu mata, abokan aikina malaman makaranta, sai kuma ku masu taron, ƙannena ɗalibai maza da mata, da kuka taso daga Paki da Auchan da Saulawa, daga Gubuchi da Gimi da Tashar Yari, daga Hunƙuyi da Likoro da Doka. Ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma godiya da kuka ga na cancanci in tsaya a gabanku.

Batun da kuka ɗora mini shi ne wannan: idan wata ƙungiyar ɗalibai ta gayyato malamin addini, shehi ne ko fasto, ya zo makaranta ya yi jawabi, alhali an san shi da wani ra'ayin siyasa da wasu ɗaliban ba su yarda da shi ba, me ya kamata a yi? A bar shi ya yi magana? A fito zanga-zanga? A tare ƙofa a hana shi shiga?

Zan faɗi matsayina tun yanzu don kada in bar ku da jira. Malamin da ya shiga maganar siyasa ya ba kowa damar ya ja da shi, kuma ɗalibi yana da cikakken haƙƙin nuna ƙin yarda. Sai dai wannan haƙƙi yana ƙarewa ne a daidai lokacin da aka kai hannu ga abin magana don a ƙwace, ko aka duƙa neman dutse. Zan shimfiɗa hujjojina a gaɓoɓi bakwai.

Na ɗaya: me ya haɗa mu da wannan magana?

Wani zai ce, Malam, mu manoman rake ne da tumatir da masara, ina ruwanmu da rigimar 'yan jami'a? Amsar tana zaune a kan kujerun nan. Yawancinku a Zariya kuke karatu: wasu a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru da Kongo, wasu a Kwalejin Nuhu Bamalli, wasu a makarantar horar da malamai ta tarayya. Wasu kuma nan cikin gida kuke, a makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris, inda ake samun ɗalibai daga kudancin jihar nan da ma wasu jihohi. Abin da ya faru a Samaru da hantsi, kafin la'asar ana zancensa a Tashar Yari.

Akwai kuma wani dalili da ba kasafai muke faɗinsa a bainar jama'a ba. A wannan yanki namu, Kirista ba baƙo ba ne. Akwai Hausawa Kiristoci a ƙauyukan Ikara da Maƙarfi da Kudan waɗanda nan aka binne kakanninsu, harshensu Hausa, tuwonsu irin namu, iyakar gonarsu tana jikin tamu. Har cocin Angalika ta kafa babbar shiyya mai bishop ɗinta a Ikara. Saboda haka in aka ce "Musulmi da Kirista sun yi faɗa a makaranta", a nan ana maganar mutane biyu ne da za su haɗu ranar kasuwa, ɗaya yana sayar da mazarƙwaila, ɗaya yana saye. Tarihi ma ya riga ya gwada mana: rikicin Zangon Kataf na watan Mayun 1992 bai tsaya a Zangon Kataf ba, ya iso Kaduna da Zariya, ya taɓa har Ikara.

Na biyu: abin da ya faru a Kafanchan

Waiwaye adon tafiya. A ranar Juma'a, 6 ga Maris, 1987, ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS tana gudanar da taron wa'azi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan. Baƙon da suka gayyato shi ne Rabaran Abubakar Bako, mutumin da aka haifa Musulmi ya koma Kirista. Tun kafin ranar an fara samun tsamin dangantaka a kan wani ƙyalle da aka rataya a ƙofar makaranta, wanda ɗalibai Musulmi suka ga kamar ana cewa makarantar ta zama ta addini ɗaya, har hukuma ta sa aka cire shi. Da baƙon ya hau magana, sai ya riƙa jawo ayoyin Alƙur'ani yana yi musu fassarar da ɗalibai Musulmi suka ɗauka cin zarafi ne ga addininsu da Annabinsu. Aka yi yunƙurin karɓe abin magana daga hannunsa, aka kaure da dambe, faɗa ya fita daga makaranta ya shiga gari, aka yi asarar rayuka, aka lalata masallatai.

Daga nan labari ya yi arewa. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kama a Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, waɗanda a lokacin duk jiha ɗaya ce, domin sai a watan Satumba na wannan shekara aka yanke jihar Katsina. An ƙona coci sama da ɗari, ciki har da ta cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Gwamnan soja na lokacin, Abubakar Dangiwa Umar, ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Misis Hansine Donli, gwamnatin tarayya kuma ta kafa kotun musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte, aka ɗaure mutane da dama. Shugaban ƙasa Janar Babangida ya kwatanta abin da yunƙurin juyin mulki na farar hula.

To, tambaya a nan: wa'azin mutum ɗaya ne ya ƙona garuruwa huɗu? A'a. Jama'a sun riga sun cika sun batse kafin baƙon ya sauka daga mota. A watan Janairun 1986 aka ji cewa Nijeriya ta shiga ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ba tare da an yi shawara a fili ba, Kiristoci suka ga ana shirin mai da ƙasar ta Musulunci, Musulmi kuma suka ga ana yi musu hassada a kan abin da ba ya cutar da kowa. A cikin shekarar ne aka yi taƙaddama a Jami'ar Ibadan a kan gicciyen coci da ke fuskantar masallaci. A Kafanchan kanta akwai daɗaɗɗen ƙorafin ƙabilun yankin game da mulkin masarautar Jama'a. Duk kalmar addini da aka furta a wannan yanayi, kunnen siyasa ne yake jin ta.

Ku lura da abu guda, ƙannena. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada a Zariya da Funtuwa ba su halarci wannan wa'azi ba. Waɗanda suka yi ƙonawar ma ba su ji shi da kunnensu ba. Labari aka ba su, kuma har an zargi wasu kafofin watsa labarai na lokacin da ƙara gishiri. Baƙo raɓa ne. Ya yi maganarsa ya wuce, 'yan gari ne suka zauna da gawarwaki da toka da zargin juna na shekaru.

Na uku: shin malami yana da hurumin maganar siyasa?

Yana da shi, kuma duk wanda ya ce babu bai karanta tarihin ƙasar nan ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mai yawon wa'azi ne. Ya zaga Gobir da Kabi da Zamfara yana koyarwa, kuma bai kauce wa maganar zalunci da harajin da ya fi ƙarfin talaka ba. Lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta. Daga ciki akwai a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Idan wannan ba siyasa ba ce, mece ce? Haka nan a ɓangaren Kirista, Akbishop Desmond Tutu na Afirka ta Kudu da rigarsa ta limanci ya yaƙi mulkin wariyar launin fata. Ba za mu yaba wa waɗannan mu kuma ce malamin yau ya rufe bakinsa ba.

Amma, Allah gafarta malamai, akwai gaskiyar da dole a faɗa. Idan malami ya koya mini yadda ake alwala ko rabon gado, yana magana ne da ilimin da ya fi ni, sai in durƙusa in karɓa. Idan ya ce mini wane ne ya fi cancanta da kujerar gwamna, ko cire tallafin man fetur alheri ne ko sharri, to ya shigo fagen da ni da shi duk 'yan ƙasa ne, kowa da ƙuri'a ɗaya. A nan yana iya yin daidai, yana iya yin kuskure. Mun gani da idonmu a zaɓen 2023, lokacin da ake ta cece-kuce a kan tikitin Musulmi da Musulmi: malamai sun hau mumbari sun nuna ɗan takara, fastoci sun hau bagadi sun nuna nasu, wasu ma har da cewa an yi musu wahayi. Bayan zaɓe, nawa ne daga cikinsu suka dawo suka yi wa mabiyansu bayanin abin da ya biyo baya?

Saboda haka ɗalibin da ya ce, "Malam, ina girmama iliminka, amma ban yarda da matsayinka a kan wannan gwamnati ba," bai yi rashin ladabi ba, bai kuma taɓa addini ba. Babban haɗari shi ne a haɗe mutum da addininsa a dunƙule, har ya zama wanda ya soki ra'ayin malam an ce ya soki Musulunci, wanda ya soki ra'ayin fasto an ce ya soki Almasihu. Daga wannan dunƙulewar ake samun jini.

Na huɗu: haƙƙin ɗalibi da iyakarsa

Ba na cikin masu cewa ɗalibi ya yi karatunsa kawai ya yi shiru. Ɗaliban ƙasar nan sun biya haƙƙin zanga-zanga da rayukansu. A watan Afrilun 1978, lokacin boren da aka yi wa kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali a kan ƙarin kuɗin abinci da wurin kwana, an harbe ɗalibai a Legas da Samaru. A ranar 23 ga Mayu, 1986, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka sake buɗe wuta a Jami'ar Ahmadu Bello, a zamanin shugabancin Farfesa Ango Abdullahi, aka sake rasa ɗalibai. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi 'yancin addini a sashe na 38, 'yancin faɗin albarkacin baki a sashe na 39, da 'yancin taro a sashe na 40. A shekarar 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci, a shari'ar da jam'iyyar ANPP da wasu jam'iyyu suka yi da Sufeto Janar na 'yan sanda, cewa ba sai an nemi izinin 'yan sanda kafin a yi taron lumana ba.

Sai dai ku duba da kyau: sassan nan uku ba sunan mutum ɗaya aka rubuta a kansu ba. Sashen da ya ba ka damar ɗaga kwali a bakin zaure, shi ne ya ba baƙon damar magana a cikin zaure, shi ne kuma ya ba 'yan'uwanka ɗalibai da suka gayyato shi damar saurare. In ka tare ƙofa, haƙƙin mutum nawa ka danne? Na baƙo ɗaya, da na ɗalibai ɗaruruwa masu katin makaranta irin naka.

Me ya halatta, ke nan? Ka rubuta wa hukumar makaranta takardar ƙorafi da hujjojinka. Ka tsaya a waje da kwalinka. Ka raba takardar da ke ɗauke da maganganun baƙon na baya da amsarka a kansu. Ka shiga ka zauna, in lokacin tambaya ya yi ka miƙe ka yi tambayar da za ta sa shi gumi. In ka ga ba za ka iya jurewa ba, ka tashi ka fita. Ka shirya naka taron washegari, ka gayyato wanda zai warware abin da aka faɗa. Duk waɗannan zanga-zanga ce, kuma babu wadda ke buƙatar sanda.

Addinin Musulunci ma haka ya koyar. A Suratu Ɗaha, Annabi Musa da ɗan'uwansa Haruna umurtarsu aka yi da su yi wa Fir'auna magana mai laushi. Wane baƙo ne zai zo makarantarku da ya kai Fir'auna ɓarna, kuma wane ne a cikinmu ya kai Annabi Musa daraja? Littattafan tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun kawo yadda tawagar Kiristocin Najran ta zo Madina aka yi muhawara da ita a kan aƙida, ta koma gida lafiya da yarjejeniya a hannu.

Na biyar: hana magana ba ya kashe magana

Mu ajiye batun halal da haram, mu yi lissafin riba da faɗuwa. Wanda ya hana baƙo magana, yana samun abin da yake nema?

Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokar hana kowa wa'azi in ban da Shehu shi kaɗai, ya hana ɗaura rawani da lulluɓi. Jama'ar Shehu raguwa ta yi? Ƙaruwa ta yi, har aka kai ga hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. A zamanin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, an hana 'ya'yanta izinin lacca, an tura 'yan banga sun tarwatsa tarukansu, an ɗaure Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Yau sunan wa ake tunawa, nata ko na waɗanda suka ɗaure ta? Kakannin wasunku da ke zaune a nan suna cikin waɗanda aka kora daga dandalin lacca a wancan zamani. Bai dace jikokinsu su zama masu korar wasu ba.

A ƙasashen waje ma haka abin yake. A watan Janairun 2008 Jami'ar Sapienza da ke birnin Rum ta gayyaci Fafaroma Benedict na 16 ya yi jawabin buɗe shekarar karatu. Malamai 67 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa saboda abin da ya taɓa faɗa game da shari'ar masanin kimiyya Galileo, ɗalibai suka mamaye ofishin shugaban jami'a, fadar Fafaroma ta soke ziyarar. Me ya biyo baya? An buga jawabin a jaridu, an karanta shi a wurin bikin, kuma ranar Lahadin da ta biyo dubban mutane suka cika dandalin fadarsa don nuna goyon baya. Jawabin da zaure ɗaya zai ji, duniya ta ji shi. A 2017 kuwa, Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a Amurka ta gayyaci Dalai Lama, jagoran mabiya addinin Buda na Tibet. Ɗalibai 'yan ƙasar Sin suka nuna adawa saboda matsayinsa a kan siyasar Tibet, suka kai ƙorafi, suka gana da hukumar jami'a. Ya zo ya yi jawabinsa, su ma duniya ta ji ƙorafinsu, ba a fasa kan kowa ba.

Akwai darasi na daban a abin da ya faru a Kano ranar 14 ga Oktoba, 1991, lokacin da aka fito zanga-zangar ƙin zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke. Babban ƙorafin masu zanga-zangar shi ne an ba shi izini alhali an hana Sheikh Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu irin wannan dama. Tattakin da aka fara zuwa fadar Sarki ya rikiɗe ya zama kashe-kashe, aka rasa rayuka masu yawa daga kowane ɓangare. Wannan darasi na hukuma ne: in za a buɗe ƙofa a buɗe wa kowa, in akwai sharaɗi a gindaya wa kowa. Son kai wajen ba da izini shi ne makamin da ya fi kowane kaifi a hannun mai neman fitina.

Na shida: wa ke cin ribar rikicin ɗalibai?

Ɗalibi dai ba ya ci. Ana rufe makaranta, zango ya lalace, a dawo a ce kowa ya biya kuɗin gyaran abin da aka fasa. Uban da ya sayar da buhunan masara ya biya kuɗin rajista, shi zai sake sayar da akuya ya biya tarar. Wanda aka kora kuwa, shi ke nan, babban mutumin da ya zuga shi ba zai ɗauki wayarsa ba.

Ku tuna watan Afrilun 2011. Rikicin bayan zaɓen shugaban ƙasa ya ci rayuka sama da 800 a jihohin Arewa cikin kwana uku, bisa ƙididdigar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, kuma jiharmu ce ta fi kowace asara. An kashe Musulmi masu yawa a Zonkwa da kewayenta, an kuma shiga har Kwalejin Nuhu Bamalli a Zariya an kashe ɗalibai Kiristoci. 'Yan siyasar da aka yi faɗan dominsu fa? Da yawansu daga baya sun haɗu a jam'iyya ɗaya, suna halartar bikin 'ya'yan juna.

Yau kuma ga waya. A 1987 labari yana bin mota da rediyo, yana ɗaukar kwanaki. Yanzu guntun bidiyo na daƙiƙa talatin, wanda aka yanke farkonsa da ƙarshensa, yana zaga rukunonin WhatsApp na Ikara da Hunƙuyi kafin mai jawabin ya sauka daga dandamali. Abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a watan Mayun 2022, inda aka kashe wata ɗaliba, daga saƙon murya a rukunin 'yan aji ya faro. Suratul Hujurati ta umurce mu da bin diddigin labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Kafin ka tura, ka tambayi kanka: na ji cikakken jawabin? Yaushe aka ɗauka? Wa ya fara turowa, kuma me yake so in yi?

Na bakwai: abin yi

Rigakafi ya fi magani, don haka ga shawarwarina.

Ga hukumomin makarantu: a rubuta ƙa'idar gayyato baƙi tun babu rigima, a manna ta inda kowa zai gani, ta hau kan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS da FCS da ƙungiyar ɗalibai daidai wa daida. A sanar da sunan baƙo da batun jawabinsa da wuri, domin mai ƙorafi ya samu lokacin kawo shi a rubuce. A ware wurin da masu adawa za su tsaya. Kowane jawabi da ya shafi siyasa a sa masa lokacin tambayoyi, a kuma naɗa malami mai kwarjini ya jagoranci zaman. A hana 'yan waje da ba ɗalibai ba shigowa da gayya, domin mafi yawan lokuta hannun da ke ƙyasta ashana ba shi da lambar rajista.

Ga masu gayyata: ku san wanda kuke kirawowa. Akwai bambanci tsakanin mai ra'ayi mai zafi da mai zagin abin bautar wasu ko mai kiran a far wa wata al'umma. Na farko a saurare shi a ja da shi. Na biyu doka ma ba ta ba shi kariya ba, domin sashe na 45 na Kundin Tsarin Mulki ya yarda a taƙaita 'yanci don kare zaman lafiya da haƙƙin wasu. Suratul An'am ta hana Musulmi zagin abin da wasu suke bauta wa, kuma Kiristan kirki ya san umurnin ƙaunar maƙwabci. Ku faɗa wa baƙonku tun a waya: ka yi bayanin naka, ka bar na wasu. Ku kuma sani Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana amfani da wuraren ibada wajen yaƙin neman zaɓe; masallacin makaranta da cocinta suna ciki.

Ga shugabannin ɗalibai: Amir na MSS da shugaban FCS su kasance suna da lambar wayar juna, su san ɗakin juna, su taɓa cin abinci a kwano ɗaya kafin ranar da za a buƙaci hakan. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun jagoranci matasa masu gaba da juna a Kaduna; a rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sasanci, suka taka rawa wajen yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna da shugabannin addinai suka sa wa hannu a watan Agustan 2002. Su sai da suka yi asara suka gane. Ku kuna da damar ganewa ba tare da ita ba.

Ga iyayenmu sarakuna da malamai: idan labari ya iso gari cewa an yi rigima a makaranta, awannin farko su ne komai. Hakimi ya kira liman da fasto su zauna a ƙofar fada inda kowa zai gan su. Huɗubar wannan Juma'a da wa'azin wannan Lahadi su zama na kwantar da hankali. Ɗan wannan gari, Sanata Ahmed Mohammed Maƙarfi, ya karɓi jihar nan a 1999, rikicin Shari'a na watan Fabrairun 2000 ya same shi a kan kujera. Hanyar da ya bi ita ce zama da kowane ɓangare, aka tsara kotunan Shari'a da na gargajiya kowa da nasa, aka ƙirƙiro masarautu ga al'ummomin da suka daɗe suna nema. Ko mutum yana jam'iyyarsa ko ba ya ciki, ya san an samu sauƙi ta wannan hanya. Sauraron wanda ba ka yarda da shi ba abu ne da aka taɓa gwadawa a jihar nan, kuma ya yi aiki.

Kammalawa

Ƙannena, iyayenku sun tura ku makaranta ne don ku iya abin da jahilci ba ya iyawa: ku ji magana mai ɗaci, ku auna ta, ku mayar da amsa da hujja. Duk ɗalibin da ya iya tsayawa a gaban babban shehi ko babban bishop, ya gaishe shi da ladabi, sannan ya yi masa tambayar da ta dace ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, wannan ya ci moriyar kuɗin makarantarsa. Irinsa muke so ya dawo ya zama kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa a yankin nan.

 Allah ya ba ku sa'ar karatu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Mai girma shugaban taro, na mai da abin magana hannunka. Fili a buɗe yake ga mai tambaya, da mai ƙarin bayani, musamman ma wanda bai gamsu da abin da na faɗa ba. Shi nake roƙon a fara ba dama.